Gidanmu na Ɗorayi da ya shekara uku a kulle

Bayan rasuwar mahaifinmu a 2021, gidansa na haya da ke Ɗorayi ya zauna a kulle kusan shekara uku. Rabon gado ne ya ja lokaci. Da aka gama, gidan ya faɗo a kasona ni da ƙanwata: ɗaki uku da falo, da rijiya a tsakar gida. Na ɗauka ina buɗe baki 'yan haya za su yi layi, tunda kowa a Kano kukan gida yake yi.

Ranar da na buɗe ƙofar, ciyawa ta kai mini gwiwa. Gara ta cinye ƙyaure biyu, silin ya rufto inda kwano ke yoyo, ɓarayi kuma sun zare wayoyin wuta. Duk da haka na ba dillalai uku, na ce naira dubu 700 a shekara, wanda ya shiga ya gyara a cire masa a kuɗin haya. Wata huɗu ana zuwa gani, ba wanda ya waiwayo.

Mai shayin bakin layi ne ya fasa mini ƙwai. Ya ce, "Alhaji, ai cewa ake yi akwai mutanen ɓoye a gidan nan." Ashe maguna ne ke kokawa cikin silin da dare, yara suka ji, magana ta zaga unguwa. Duk wanda dillali ya kawo, kafin ya tada babur an riga an tsegunta masa a majalisa.

Ban yi musu da kowa ba. Na je na gaida mai unguwa da liman, aka yi saukar Alƙur'ani a gidan, aka raba waina. Sannan na sa ɗan yayata ya tare a ciki wata guda, fitilar sola tana ci a ƙofa kowane dare. Wannan ya fi duk bayanin da zan yi amfani.

Gyara kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kayan gini suka yi tsada, don haka na zaɓa: rufi, banɗaki, yasar rijiya, sai tsohon bashin wuta da na biya. Fenti a falo da fuskar gida kawai. Dillalai ma na koma mutum ɗaya a kan la'adar kashi 10, domin ukun nan kowa da farashinsa, mai nema ya ji baki uku sai ya zaci damfara ce.

Cikin Sha'aban, lokacin da ake rububin ɗaura aure kafin azumi, wani malamin makaranta ya zo ya ce gida ya yi masa. Na fara murna, ashe ba shi ke da ta cewa ba. Washegari gwaggon amarya ta iso da tef ɗin awo. Ta auna inda gado da kujeru za su zauna, ta leƙa rijiya ta tambaya ko tana ƙafewa da bazara, sannan ta tsaya tsakar gida tana kallon benen maƙwabta. Ta ce, "Malam, 'yarmu ba za ta yi wanke-wanke ana hangenta ba." Layin bulo uku na ƙara a katanga.

A dubu 600 muka daidaita, aka rubuta yarjejeniya, mai unguwa ya sa hannu. Har yau ƙanwata tana cewa na karyar da gidan da araha.