Laraba a kicin ɗin Mama

Sanyin Jos na yau ya wuce misali. Da ƙyar na fito daga bargo na yi addu'ar safe, ita ma rabi da rabi, don hankalina yana kan abin da ya faru jiya a wurin koyon waƙa na majami'armu. Wata yarinya ta ɓata mana baiti sau uku, na buɗe baki a gaban kowa na ce in ba za ta iya ba ta koma benci. Ta ɗauki jakarta ta fita. Na kwana ina ba kaina gaskiya.

Da na rufe shago sai na hau keke napep zuwa Tudun Wada wurin Mama. Ba ita ta haife ni ba. Matar fasto ce ta haɗa mu shekara 6 da suka wuce, lokacin ina ajin baftisma, tun daga nan ranar Laraba ta zama tata. Ba mu da wani tsarin darasi. Abin da na tarar tana yi, shi nake kama mata.

Yau acca take wankewa. Wanda bai taɓa rairayar acca ba bai san haƙuri ba, daga ƙwarya zuwa ƙwarya har sai yashi ya kwanta. Ta turo mini yakuwa da gauta in gyara, ta ce, "'Yata, yaya mawaƙa?" Ashe labari ya riga ni zuwa. Na zayyana mata komai, na ƙara gishiri a inda ya dace da ni. Ba ta katse ni ba. Sai da na gama ta ce, "Kin san kakarta take jinya tun watan jiya?"

Ban sani ba. Shekara biyu muna tsayawa layi ɗaya da yarinyar, ko unguwarsu ban taɓa tambaya ba.

Ta goge hannu a zani ta ce in ɗauko mata Littafi Mai Tsarki. Nata tsohon juyi ne, irin wanda ya fara fitowa a 1932 daga aikin su Dokta Miller, ɗan mishan na Wusasa, bangon ya sha ɗinki da zare. Na sha yi mata tayin sabo, ta ce da wannan ta koyi karatu a hannun wata dattijuwa a Zumuntar Mata, ba za su rabu ba. Ta sa na karanta Matiyu 5:23-24, inda Yesu ya ce ka bar baikonka, wato hadayarka, a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Ta ce waƙa ma baiko ce, kada in hau gaba ranar Lahadi sai na je gidansu.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Wa'azi nawa nake ji a waya, kusan kullum, babu wanda ya taɓa hana ni riƙe makirufo. Mai wa'azin Facebook bai san bakina ba. Mama ta sani, ta kuma san ranar da ni ma na tsaya a gaban ikilisiya murya ta ƙi fita, ita ta riƙe hannuna a bayan majami'a ina kuka. Yau ta tuna mini da wannan, tana dariya tana juya tukunya.

Muna cin gwate ta kawo zancen Bilkisu da Akila na littafin Ayyukan Manzanni, yadda suka ja mai wa'azi Afolos gefe suka ƙara masa haske, ba su kunyata shi a tsakiyar jama'a ba. Daga nan ta jefo mini abin da ban zata ba: wai in riƙa jan yarinyar a jiki, kamar yadda Titus 2 ya ce manyan mata su koya wa ƙanana. Na ce, "Mama, ni da ban gama gyaruwa ba?" Ta ce ita ma da furfurarta ba ta gama ba.

Ta zuba gwate a kula ta ce in kai wa mai jinya. Na isa gidan gab da magariba. Yarinyar ta buɗe ƙofa, ta kalle ni, ta kalli kular. Na ba ta haƙuri, bakina yana harhaɗewa. "Ba komai, Anti," kawai ta ce, fuska ba walwala. Na gaida kakar, muka yi gajeriyar addu'a, na fito.

Kular tana can. Jibi zan koma in karɓo.