Abin da jinkirin rumbun bayanai ya koya mini

Duk lokacin da manhaja ta fara jan ƙafa, maganar da ke fara fitowa ita ce a ƙara wa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun bayanan, ƙarfi, a sayo RAM, a sauya faifai. Shekarun da na yi ina kula da rumbun bayanai sun sa na daina saurin amsa wannan kira. Galibi injin lafiyarsa ƙalau, aikin banza aka ɗora masa, kuma wanda ya ɗora bai ma sani ba.

A PostgreSQL, tsarin rumbun bayanan da na fi sabawa da shi, kafin a amsa kowace tambaya akwai sashen da ke zaɓen hanya: a karanta teburi gaba ɗaya, ko a bi ta fihirisa, wato jerin da ke nuna inda kowane layi yake. Ba ya ƙirga layuka kafin ya yanke shawara. Hasashe yake yi daga samfurin da umarnin ANALYZE ya ɗiba a baya. In aka zuba bayanai masu yawa cikin dare kuma ba a sabunta samfurin ba, sai ya zaci layi goma zai tarar, ya zaɓi hanyar da ta dace da goma, alhali miliyan ne a jibge. Shi ya sa idan na buɗe sakamakon EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna hanyar da tambaya ta bi, ba lokaci nake fara dubawa ba. Lamba biyu nake nema a kowane mataki, yawan layukan da ya hasasa da yawan da ya tarar. Inda tazararsu ta yi faɗi, nan gizo ke saƙa.

Fihirisa kuwa mutane na ɗaukarta maganin kowace cuta. Tsarin B-tree da yawancinsu ke kai tsoho ne, Rudolf Bayer da Edward McCreight suka fito da shi a kamfanin Boeing tun farkon shekarun 1970, kuma har yau yana aiki. Amma duk sabon layin da ya shigo, sai an rubuta shi a kowace fihirisar teburin. Na sha ganin teburi ɗauke da fihirisar da ba wata tambaya da ta taɓa bi ta kanta, tana cin wuri tana rage saurin rubutu.

Wanda ya fi ba ni wahalar ganewa shi ne gawar layuka. Idan aka gyara layi, PostgreSQL ba ya goge tsohon nan take, sabo yake rubutawa ya bar na da sai VACUUM ya zo shara. Tun sigar 8.3 ta 2008 wannan shara ke tashi da kanta ba sai an kunna ta ba, sai dai a saitin da ya zo da ita tana jiran kusan kashi 20 cikin 100 na teburin ya mutu. A teburi mai layi miliyan 100, gawa miliyan 20 ke nan. Ko ta tashi ma, in wani ya buga BEGIN, umarnin buɗe aiki, ya taɓa bayanai ya tafi gida bai rufe ba, ba za ta iya kwashe abin da ya mutu bayan nan ba. Teburin ya yi ta kumbura, kowa na zagin faifai.

Tsofaffin hannu a wannan sana'a suna da wata ɗabi'a da sabon shiga ke ɗauka girman kai ce. Ka kawo kukan jinkiri, ba wanda zai ba ka shawara sai ka faɗi sigar da kake kai, ka nuna fasalin teburin, ka kawo sakamakon EXPLAIN. Ka tambaye su nawa za a saita shared_buffers, wato rabon RAM da PostgreSQL ke ajiye bayanai a ciki, su ce fara da kashi ɗaya cikin huɗu na RAM, sannan ka auna. Daga wurinsu na koyi kunna pg_stat_statements, mai lissafa lokacin da kowace tambaya ke ci, tun ranar farko, in jera tambayoyi bisa jimillar lokacin da suka ci. Sau da yawa wadda ke zama a sama ba mai minti guda ɗin da kowa ke ƙorafi a kai ba ce, wata 'yar ƙarama ce da manhaja ke maimaitawa sau dubbai a buɗe shafi ɗaya. Gyaranta kuma ba a hannuna yake ba, sai na tashi na je wurin masu rubuta manhajar mun zauna.