Ranar da na mayar da bawa bara

A ƙarshen watan jiya na miƙa makullin ofishina a ƙaramin kamfanin ɗab'in da na yi shekara shida ina aikin gyaran rubutu a nan Zariya. Tun da maganar littafin nan ta riga ta bazu tsakanin abokan sana'a, kuma kowa yana ba da ita yadda ya ga dama, na ga ya kamata ni ma a ji daga bakina.

Littafin tsohon ƙagaggen labari ne wanda marubucinsa ya daɗe da rasuwa, kamfani kuwa ya samu izinin magada ya sake buga shi domin 'yan sakandare. Manaja ya kira ni ya ce, "Malam, a wanke shi tas, kada a bar kalmar da za ta sa wata makaranta ta mayar mana da kaya." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Ban nemi ya ba ni umarnin a rubuce ba, ban kuma tambayi inda wankin zai tsaya ba. Na ɗauki jan biro na shiga aiki: kuturu ya koma mara lafiya, arna suka koma mutanen ƙauye, kuyanga ta koma 'yar aiki, bawa kuma na mayar da shi bara, wato ɗan aiki, a duk inda ya fito. Ina sane da cewa a watan Fabrairun 2023 kamfanin Puffin a Ingila ya sauya ɗaruruwan kalmomi a littattafan yara na Roald Dahl, don haka na ɗauka tafiyar da duniya take yi muke yi. Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne, cikin 'yan kwanaki da tashin ƙura, sai da masu kamfanin suka sanar da cewa za su ci gaba da buga matanin asali tare da sabon.

Kuskuren yana cikin babi na bakwai. Jarumin labarin bawa ne da yake biyan murgu, wato kuɗin da bawa yake kai wa ubangidansa domin a bar shi ya nemi na kansa, yana kuma tara kuɗin wuri a cikin tulu da ya binne, da burin ya fanshi kansa. Dukan nauyin labarin a kan tulun nan yake. A bugun da na gyara, sai ga bara yana biyan maigidansa kuɗi don a bar shi ya yi aiki, yana kuma kwana da kuka yana tara kuɗin fansa daga aikin da zai iya ajiyewa gobe da safe ya kama gabansa. Na karanta shafukan nan sau uku kafin su tafi injin, amma idona yana kan farautar kalmomi, bai ga labarin ba.

'Yar marubucin ce ta zo da kanta daga cikin birni, dattijuwa mai sanda, da tsohon bugu a naɗe cikin ɗankwali. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe littattafan biyu a kan teburina, ta ɗora yatsa a kan layin, ta ce, "Ɗan nan, kai ne ka yi wannan?" Na ce, "Ni ne, Hajiya." Ta ce kakar mahaifinta a rinji aka haife ta, wato ƙauyen bayi masu noma wa ubangidansu, kuma daga bakinta ya ji labarin tulun, ya rubuta shi domin kada a manta an taɓa sayar da mutum a ƙasar nan. Ba tsohon zance ba ne kamar yadda muke so mu ɗauka. Dokar Turawa ta 1901 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar kawai ta 'yanta kai tsaye, kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Ni da nake ganin ina kare jikokin bayi daga jin zafi, ashe tarihin kakanninsu na goge, na kuma yi wa iyayengijin ado.

Da aka kira taro, manaja ya ce shi gyaran rubutu kawai ya ce a yi, kuma bai taɓa ganin shafukan ba. Sa hannunsa yana kan kowane shafi na gwajin ƙarshe, kowa a ɗakin ya san haka, babu wanda ya yi tari. An cire kuɗin takarda daga albashina har wata huɗu. Laifina na karɓa, amma har yau ban yarda nawa ne ni kaɗai ba.

Wasu da suka ji labarin sun ce ai maganinsa shi ne kada a taɓa tsohon littafi ko da wasali ɗaya. Ban bi su ba. Wata abokiyar aikina 'yar Wusasa, Bahaushiya Kirista, ta gaya mini yadda take sunkuyar da kai a aji duk lokacin da malami ya sa a karanta kalmar arna da ƙarfi, yara suna waiwayowa suna dubanta. Wannan ciwo ne na gaske, kuma wanda bai taɓa zama a kujerarta ba ba shi da hurumin ce mata ta yi haƙuri. Abin da na gane shi ne, akwai bambanci tsakanin zagi a bakin mugun cikin labari, wanda shi ne yake nuna muguntarsa, da raini a bakin mai ba da labarin kansa. Na farko a bar shi. Na biyu a yi masa bayani a gabatarwa ko a ƙasan shafi, a kuma ba malami abin da zai faɗa wa aji. Ko masu wasannin kwamfuta sun bi wannan hanya: da aka sabunta wasannin Tomb Raider uku na farko a Fabrairun 2024, an bar abin da ke ciki yadda yake, aka sa sanarwa a farko cewa akwai siffanta wasu al'ummomi ta hanyar wariya, kuma ba a yarda da hakan ba.

In kuwa dole sai an sauya wani abu saboda ƙananan yara, to a rubuta a bango cewa gyararren bugu ne, a sanar da magada kalma da kalma, a bar na asali a kasuwa. Mu ba mu yi ko ɗaya ba. Mun sa sunan mamaci a kan jimlolin da bai rubuta ba. Sauran darussan gajeru ne: umarnin baki a mayar da shi takarda, kuma a karanta labari gaba ɗaya kafin a cire murfin biro.

Kafin in bar aiki na shirya sabon bugu da matanin asali, da gabatarwa mai shafi huɗu a kan murgu da fansa da rinji, na kai wa Hajiya gida ta saurara jikanta yana karanta mata. Ta gyara mini wuri biyu. Kundin yana cikin durowar manaja tun kafin azumi, kwalayen bugun da na ɓata kuwa ana nan ana sayar da su.