Hannuna a Wuya Yake Tsayawa

Wurin aikina ɗaki biyu ne da baranda a Aboabo, nan Kumasi. Gadon gwaji biyu, keken motsa jiki ɗaya, sai ƙanwata da ke riƙe littafi tana karɓar kuɗi ta MoMo, wato ta waya. Kakana maɗori ne, kara da tsumma da man kaɗanya ya sani. Ni makaranta na je na koyi gashin ƙashi, amma har yau tsofaffin Zango jikan mai ɗori suke ce mini, kuma ban taɓa gyara musu ba.

Yawancin masu zuwa wurina titi ne ya turo su: 'yan okada, direbobin pragya da aboboya (babura masu ƙafa uku, na fasinja da na kaya), da fasinjojinsu. Mutum ya faɗi, kai ya bugi kwalta, a kwashe shi zuwa asibitin Komfo Anokye, wanda iyayenmu ke kira Gee. A yi hoton kai, a ce babu jini, a sallame shi. Da yawa cikin 'yan makonni suke warwarewa. Saura kuwa wata uku, wata shida, ciwon kai bai bar su ba. Jiri, mantuwa, rashin barci, hasken rana kamar allura a ido, hayaniyar kasuwar Kejetia ba ta jurewa. Wanda aka sani da haƙuri ya koma yi wa 'ya'yansa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A gida wasu su ce iska ce, wasu sammu, matar kuma a ranta ta ce raki ne, tunda ai hoto ya nuna lafiya lau. Hoton nan jini da karaya yake nema. Girgizar da ƙwaƙwalwa ta sha sau tari ba ta fitowa a cikinsa.

Shekarun nan wani abu ya ƙaru. Saurayi zai miƙo mini waya ya ce, "Maigida, irin wannan nake so." Bidiyon TikTok ne, an kama kan mutum an murɗe, ka ji ƙas, ya tashi yana murmushi. Kairofraktik sunan sana'ar, wani D.D. Palmer ne ya fara ta a garin Davenport na Amurka a 1895. Ba ni da faɗa da masu yin ta, akwai waɗanda ciwon baya da wuya ke samun sauƙi a hannunsu. Sai dai ƙarar nan ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, iska ce a ruwan gaɓa, daidai da lanƙwasa yatsa. Batun cewa murɗa wuya na warkar da ƙwaƙwalwar da ta bugu kuwa, abin da aka rubuta galibi labarin majinyata ne ɗaiɗai, bai kai in karɓi kuɗin mutum a kansa ba.

Abin da na iya shi ne wuya. Ƙasusuwa 7 ne ke ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5, kuma bugun da ya girgiza ƙwaƙwalwa ba ya ƙyale su. Idan ciwon daga ƙeya yake tasowa, ya hau gefe ɗaya har bayan ido, ya tsananta in an waiga, to wannan nawa ne. Tausa a hankali, sassauta gaɓoɓin ba tare da fizga ba, sai atisayen da zai riƙa yi a gida safe da yamma.

Na fi jin daɗin aikin jiri. Wata Hajiya mai sayar da wakye ta yi wata huɗu tana sallah a zaune, don da ta sunkuya ruku'u sai ɗaki ya juya mata. A can cikin kunne akwai wasu 'yan mitsi-mitsin duwatsu, bugu kan zamar da su zuwa inda bai kamata ba. Akwai dabarar juya kai daki-daki a kan gado da ke mayar da su, sunan likitan da ya tsara ta, Epley, ake kiran ta da shi. Zuwa biyu ta yi. A na uku ba magani ya kawo ta ba, kwanon wakye ta kawo har da ƙwai da talia.

Akwai kuma waɗanda ba na taɓawa. An taɓa kawo mini wani dattijo da ya zame a makewayi wajen alwala makonni shida baya. Yana jan ƙafa ɗaya, magana na kuɓuce masa, sai gyangyaɗi. Na ce wa ɗansa, "Yaya, ɗauki Baba yanzu ku tafi asibiti." Ya ɓata rai, ya ce shi gyaran wuya ya zo a yi, ga kuɗinsa. Jini ne ya yi ta taruwa sannu a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, abin da ke samun tsofaffi, sai da aka yi masa aiki. Haka duk mai amai a kai a kai, ko farfaɗiya, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne. Fizgar wuya ma tana da nata hatsarin, don wasu daga cikin jijiyoyin jini masu ciyar da ƙwaƙwalwa ta cikin ƙasusuwan nan suke ratsawa. Ba kasafai ba, amma sukan tsage har a samu shanyewar ɓarin jiki.

Wannan taka-tsantsan yana ci mini kasuwa, ba na ɓoyewa. Wanda bai ji ƙas ba yakan fita yana cewa shafa shi kawai aka yi. Wasu da sun ji ɗan dama-dama sai su ɗauke ƙafa, su koma kan tramadol, wanda shan sa kullum shi ma yana haifar da nasa ciwon kan. Ga mai gida yana son kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, ga mitar wuta da ba ta ƙoshi.

Wani yaro cikin masu nuna mini bidiyon nan ya daure ya yi zuwa takwas. Ciwon ƙeyar ya tafi, mantuwar tana nan, na rubuta masa takarda zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Shekaranjiya na hango shi a kwanar Asawase da fasinja a baya, hular kwanon na rataye a hannun babur. Na ɗaga murya na kira shi, ya ɗago mini hannu ya ƙara wuta.