Layin da na bari a rajista

Ina shekara ta huɗu a sashen kula da ma'aikata na sakatariyar ƙaramar hukumarmu aka damƙa mini rajistar wasiƙu. Littafi ne babba mai baƙin bango. Duk takardar da ta shigo sai na rubuta ta a ciki, lambarta da kwanan wata da wanda ya aiko ta da abin da ta ƙunsa, sannan in buga mata hatimi in miƙa wa masinja. Ba aikin da ake rububi ba ne, ni ma ban ɗauke shi a bakin komai ba, har sai da aka kaɗa gangar zaɓen ciyamomi, jam'iyya mai mulki ta fara sayar da fom.

Wanda ya fara kawo takardar ajiye aiki malamin gona ne daga sashen noma. Dattijo ne da babu ƙauyen da ba a san babur ɗinsa ba, saboda shi ke bi gona-gona yana nuna wa manoma tazarar shuka da lokacin zuba taki. Mutanen yankinsu ne suka haɗa masa kuɗin fom, wasu da buhun masara, wasu da akuya. Ya shigo da takardar a cikin ambulan, ya ajiye mini a kan tebur da hannu biyu. Na karanta, na ɗago na dube shi, na ce, "Baba, saura shekara nawa ka cika talatin da biyar a aiki ka yi ritaya?" Ya ce takwas. Na ce, "Ba za ka jira a ga yadda fidda gwanin zai kaya ba?" Ya ce kwamitin tantancewa ya ce duk mai cin albashin gwamnati sai ya haɗa fom ɗinsa da shaidar ajiye aiki mai hatimi, kuma shi ba ya son ya fara neman shugabanci da ƙarya. Na rubuta, na buga hatimi, ya karɓi kwafinsa ya ninke ya sa a aljihun gaba.

A tsarin mulkin 1999, abin da aka shar'anta wa ma'aikacin gwamnati shi ne ya bar aiki kwana 30 kafin ranar zaɓe, kuma maganar babban zaɓe ake yi, ba ta fidda gwani ba. Haka yake ga mai neman majalisa da gwamna da shugaban ƙasa, dokar zaɓen ƙananan hukumomi ta jiharmu ma irin wannan sharaɗin ta ɗauko. Amma jam'iyya tana da nata ƙa'idojin, kuma su ne suke fara cin mutum tun kafin ya kai ga akwati.

Bayan kwana biyu, ana gab da tashi, wani yaron kansila mai gafaka, wato kansilan da ke kula da sashen ayyuka, ya shigo ya ja kujera kusa da ni. Kowa a sakatariya ya san maigidansa na neman kujerar, kuma ya san ciyaman mai barin gado shi yake so. Ya rage murya ya ce, "Malam, yallaɓai ya ce ka bar masa layi ɗaya a shafin yau." Ban gane ba da farko. Sai ya warware mini: idan tikiti ya samu, za a kawo takardar murabus in shigar da ita a wannan layin da kwanan watan yau, ya zama tun kafin tantancewa ya sauka. Idan kuma bai samu ba, in cike gurbin da kowace irin wasiƙa, shi ke nan bai taɓa sauka ba.

Na bar layin. Ba a ba ni ko sisi ba, ba a kuma yi mini barazana da baki ba. Tsoro ne kawai. Na ga waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina saboda abin da bai kai wannan ba, ga shi lokacin matata na da tsohon ciki. Na gaya wa kaina cewa layi ɗaya ba zai canza wanda zai ci ba. Wataƙila ma gaskiya ne. Amma har yau idan na tuna, ba na samun hujjar da za ta wanke ni.

A makonni ukun da suka biyo baya na ga abin da riƙe ofis yake yi wa takara, gani na ido. Motar sashen ayyuka, wadda aka saya don duba tituna da kwalbatoci, ita ce take zaga gidajen daliget da daddare, da man hukuma a cikinta. Rijiyoyin burtsatse da suka shekara a lalace aka tashi gyaransu a mazaɓun da shugabannin jam'iyyarsu ke da ja. Aka fitar da takardun ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, masu shara da masu gadi, sunayen kuwa idan ka bi su ɗaya-ɗaya 'ya'ya ne da ƙannen masu kaɗa ƙuri'ar fidda gwani. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira sata a gaban alƙali, kowanne da fayil ɗinsa da sa hannu. Shi kuwa malamin gona yana yawo a babur, albashinsa ya tsaya.

Ranar fidda gwanin ba a ma kaɗa ƙuri'a ba. Aka kira 'yan takara gidan wani babba a babban birnin jiha, aka ce an yi masalaha. Suka sa hannu, wasu da hawaye. Washegari da safe takardar murabus ɗin kansila ta iso teburina, na shigar da ita a layin da na bari.

Daga nan na ɗauki ra'ayi mai zafi: duk wanda ke riƙe da kowane irin muƙami, idan yana son wani, ya sauka tukuna. Na daɗe a kan haka. Abin da ya sa na sake tunani shi ne rigimar sashe na 84(12) na Dokar Zaɓe ta 2022, wanda ya ce wanda aka naɗa a muƙamin siyasa, a kowane mataki, ba zai zama daliget ba, ba kuma za a zaɓe shi a taron fidda gwani ba. Shugaba Buhari ya sa wa dokar hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022 yana ƙorafi a kan wannan sashe, ya nemi majalisa ta cire shi, majalisar dattawa ta ƙi. Wata babbar kotun tarayya a Umuahia ta soke shi, kotun ɗaukaka ƙara ta jingine wancan hukunci, ƙarar da shugaban ƙasa da ministan shari'a suka kai kotun ƙoli kuma aka yi watsi da ita a watan Yuni. Kafin nan, a watan Mayu, an ba ministoci masu son takara wa'adin ranar 16 su sauka. Rotimi Amaechi da Godswill Akpabio da Ogbonnaya Onu da Emeka Nwajiuba suka sauka. Abubakar Malami da Chris Ngige suka janye takara suka riƙe kujerunsu. Wannan ya nuna mini cewa sharaɗin yana aiki, domin yana tilasta wa mutum ya auna ko da gaske yake kafin ya saki reshe.

Amma a wannan kakar dai mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo da shugaban majalisar dattawa Ahmad Lawan da gwamnoni irin su Aminu Tambuwal da Nyesom Wike da Bala Mohammed duk sun shiga fidda gwani suna kan kujerunsu, saboda su zaɓaɓɓu ne. To a nan na tsaya. Idan dalilin sharaɗin shi ne kada a yi takara da dukiyar jama'a, wa ya fi riƙe da ita, gwamna ko mai ba shi shawara? Dokar ta raba mutane gida biyu, naɗaɗɗu da zaɓaɓɓu, alhali abin da na gani a sakatariya ya nuna mini rabon ba a nan yake ba. Yana wajen wanda ke sa hannu a fitar da kuɗi, a ɗauki ma'aikaci, a ba da kwangila, da wanda ba ya yi.

A zagayen da ya biyo baya wani zaɓaɓɓen kansila ya nemi ciyaman, abokan hamayyarsa suka yi ta kiran ya sauka. Na zauna na lissafa abin da ke hannunsa: kujera a zauren majalisa, alawus, da bakinsa. Ba shi da mota, ba shi da ma'aji. Da ya sauka, mazaɓarsa ce za ta zauna babu wakili, domin ban taɓa ganin an shirya zaɓen cike gurbin kansila a wurinmu ba. Mutanen da suka tsaya a rana suka zaɓe shi su za su yi asara, ba shi ba. Wannan ban ga dalilin tilasta masa ba. Ciyaman mai neman tazarce kuwa, ko kantoma da gwamna ya ɗora yake son ya rikiɗe ya zama zaɓaɓɓe, lamarinsu daban ne, domin baitulmali da ma'aikata da motoci duk a tafin hannunsu suke. Na yi murna da hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya haramta kantomomin riƙo ya kuma ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Sai dai gwargwadon yadda kuɗin ciyaman ya ƙaru, haka buƙatar raba shi da su a lokacin takara take ƙaruwa. Ni a ganina, ko ba a ce ya yi murabus ba, ya kamata daga ranar da ya sayi fom a dakatar da ikonsa na ɗaukar aiki da ba da sabuwar kwangila, a bar biyan albashi da abin da ya zama dole a hannun manyan ma'aikata har a gama.

Lokacin da nake karatun difloma a fannin mulki, malaminmu ya kawo mana misalin Ingila, ya kuma tsaya mini a rai saboda na ga malamin gona a ciki. Frank Dobson ya bar kujerar ministan lafiya a 1999 don neman magajin garin Landan, ya samu tikitin jam'iyyar Labour, amma a zaɓen 2000 ya zo na uku, Ken Livingstone da jam'iyyar ta hana tikiti ya ci a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Wani ɗan majalisa, Siôn Simon, ya bar majalisa a 2010 don shirin neman magajin garin Birmingham, sai mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a a 2012 suka ce ba ma sa son a ƙirƙiri kujerar. Sadiq Khan kuwa yana ɗan majalisa ya nemi tikiti, ya yi takara, sai da ya ci a 2016 sannan ya sauka. Can ma ke nan ba sauka ke ba da nasara ba. Bambancin shi ne wanda ya faɗi a can yana da abin komawa. A wurinmu mai muƙamin siyasa idan ya sauka ya faɗi, galibi uban gidansa zai nema masa wani wurin kafin shekara ta zagayo. Ƙaramin ma'aikaci kuwa hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ba ta mayar da wanda ya ajiye aiki da hannunsa. Sharaɗi ɗaya ne a takarda, amma nauyinsa a kan mai ƙaramin ƙarfi yake sauka, kuma shi ya sa malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da malaman gona, waɗanda suka fi kowa sanin ciwon ƙauye, ba sa kusantar fom. Da za a ba irinsu hutu ba albashi har a gama fidda gwani, wanda ya samu tikiti ya sauka, wanda bai samu ba ya koma bakin aikinsa, da an ga fuskokin da ba a saba gani ba.

Akwai kuma abin da ba takardar da ke maganinsa. Na ga wanda ya sauka da gaske, da hatimi da kwanan wata na gaskiya, amma yaronsa aka ɗora a kujerar, direban bai canza ba, fayil ɗin da safe yana ofis, da yamma yana falonsa. Mu ma'aikata mu muke ɗaukar fayil ɗin mu kai. Da akawu da direba da ma'aji za su ce wannan ba hurumin wanda ya sauka ba ne, da murabus ya zama murabus.

Tun daga wancan zaɓe, kullum kafin in tashi nakan ja layi da jan biro a ƙarƙashin wasiƙar ƙarshe, in rubuta adadin da ya shigo, in sa hannu, in kai wa shugaban sashe shi ma ya sa. Da aka sake zuwa mini da irin waccan buƙata, sai na buɗe littafin na nuna jan layin, na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga shafin jiya a rufe yake, kuma ba hannuna kaɗai ke kai ba." Mutumin ya duba, ya yi shiru, ya fita. Ba a canza mini wurin aiki ba. Yaran da na koya wa rajista bayan an ƙara mini girma duk da jan biro na haɗa su.

Malamin gona yanzu yana da 'yar rumfa a kasuwa, yana sayar da iri da maganin feshi. Ya zo wajena sau da yawa a kan maganar garatutinsa, kuma duk zuwa sai an nemi lambar takardarsa ta ajiye aiki, sai in ɗauko tsohon littafin in buɗe. Tasa tana shafin Litinin. Ta kansila tana shafin Laraba, layi na ƙarshe, da rubutun hannuna, tawadar ta ɗan fi ta sauran duhu. A zuwansa na baya na juya littafin na nuna masa, na gaya masa yadda aka yi. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "Ɗana, na sani tun a lokacin. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya tambaye ni ko fayil ɗin nasa ya bar ofishin mai binciken kuɗi, na ce bai bari ba tukuna, ya ce zai dawo ranar kasuwa.