Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hutun da Na Yi a Fagge

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya ɗauko ni daga makarantar kwana hutun ƙarshen aji uku. Kafin in ci gaba akwai wata magana da ta tare mini gaba, idan ban fitar da ita ba ba za ta bar ni in rubuta komai ba. Maganar kurajen fuskata ce, da Goggon Fagge.

A 2003 suka fara fito mini, shekarar da Malam Shekarau ya zama gwamna. Da fari 'yan ƙanana ne a goshi, masu farin kai, sai suka gangaro kumatu da haɓa, daga baya har ƙirji da gadon baya. Akwai waɗanda ba sa yin baki, sai dai su zauna cikin fata su yi tauri, in na kai goshi ƙasa a sujada in ji zafin har tsakiyar kaina. Duk yawan 'yan matan gidanmu na Yakasai, ni kaɗai abin ya kama haka. Sai kowa ya zama likita. Umma ta ce gyaɗa ce da ƙuliƙuli, aka hana ni, har miyar taushe sai an ɗebar mini tawa kafin a zuba gyaɗa. Matar Baffa ta ce dattin ciki ne, ta jiƙa mini tsamiya da wasu saiwoyi. Samarin gidan kuwa cewa suke kurajen aure ne, a yi maza a nemo mini miji.

Kakata Iya ce kaɗai ba ta nemi dalili ba. In ta gan ni gaban madubin ɗakin Umma sai ta ce, "Ke kishiya, sauke hannunki. Garin neman gira ake rasa ido." Kullum maganar ke nan, har na riƙa jin haushinta.

Abin da Iya ta ɗora ni a kai ba shi da yawa. Sabulun salo safe da dare, shi ma ba a goga shi a fuska, a tafin hannu ake yin kumfar a shafa a wanke nan take, don ta ce yana da kaifi, in ya jima yana busar da fata. Soso kuwa ta ce ko kusa. Takan tafasa ganyen darbejiya, in ya huce in ɗauraye fuska da ruwan. Ranar Juma'a ta lakato mini zuma daga 'yar kwalbarta in shafa, a jima in wanke. Ta sa ni wanke ɗankwali da rigar filo duk mako, ta kuma hana mai kitso ta laɓta mini mai a gaban goshi. Ko da hunturu, da kowa ke dulmiya cikin basilin da man kaɗanya, ni ƙafa da hannu kawai take bari in cika wa mai, fuska sai ɗan kaɗan. Ba zan ce kurajen sun tafi ba, ba su tafi ba. Amma sun lafa, kuma wanda ya mutu ba ya barin baƙin tabo sosai.

Ana cikin haka aka yi bikin babbar 'yar Baffa. Ranar sa lalle, tsakar gida cike da mata, dangin ango ma sun zo, na ɗauko farantin alkaki zan wuce, Goggo ta kamo haɓata ta juya fuskata wajen haske. Ta ce da Umma, "Amarya, haka za ku zuba ido yarinya ta lalace? Wannan wa zai ɗauka?"

Wa zai ɗauka. A gaban baƙi. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce kai Hajiya. Umma ba ta tanka ba, kun san ba a mayar wa dangin miji magana a gidanmu, shekara ashirin da aure amma har lokacin Amarya Goggo ke kiranta. Na ajiye farantin na shige ɗakin Iya, ban ƙara fitowa ba har aka kai amarya. Yau ina da 'ya'ya huɗu, amma in na ji an ce "wa zai ɗauka", ko a kasuwa ne ana cinikin tumatir, sai gabana ya faɗi.

Bayan biki Goggo ta ce da Abba a ba ta ni in yi hutu a Fagge, za ta gyara ni. Iya ta ce a bar yarinya. Goggo ta ce, "Iya, zamaninku daban, yanzu ba a zama da ganye." Abba ba ya iya yi wa ƙanwarsa musu, aka haɗa mini kaya.

A Fagge na ga gyara. Da safe a raba lemun tsami biyu, a barbaɗa gishiri, a dirje mini fuska har sai na yi hawaye, sannan a aike ni cefane cikin rana. Da dare a ɗiga makilin a kan kowane ƙurji. Ranar da ta ga babba sai ta sa farce biyu ta matse da kanta, wai a fitar da dattin. Da sati ya zagayo fuskar ta yi jawur tana saɓa, sai ta kai ni wajen wata mata mai haɗa mai a bayan layinsu. Matar ta matse 'yan tub guda uku cikin wani farin mai, ta zuba wani ruwa daga kwalba marar takarda, ta juya da cokali, ta ce haɗin gargajiya ne, da kurkum da zuma a ciki. Ni dai ban ga kurkum ba.

Abin da ya sa mutane ba sa jin gargaɗi a kan irin wannan mai shi ne yana aiki da farko. Kafin hutu ya ƙare kurajen sun kwanta, na yi fari, fuska ta yi santsi. Goggo ta riƙa yawo da ni gidajen ƙawayenta tana cewa ku ga aikina. Da na dawo Yakasai kowa ya yaba, har Umma. Iya ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Kishiya, wannan hasken ba naki ba ne." Sai ta ƙara da maganar gira da ido, ta juya ta ci gaba da lazimi.

Man ya ƙare a makaranta. Cikin 'yan kwanaki fuskata ta fashe da wasu irin ƙuraje da ban taɓa yi ba, ƙanana jajaye, duk girmansu ɗaya, ga ƙaiƙayi ga raɗaɗi. In na shiga rana sai ta ɗau zafi. Saman kumatuna ya yi baƙi ƙirin, sauran fuskar fari, har 'yan ajinmu suka sa mini suna, ba zan faɗe shi ba. Aka aika wa Goggo, ta ce ai don na daina shafawa ne, ta aiko da wani. Haka aka yi ta yi, in shafa su kwanta, ya ƙare su dawo da ƙarfinsu.

Daga nan har na gama sakandare na shiga kwalejin ilimi ba ni da abin faɗa. Hijabi nake ja har kan gira, ba na shiga hoto. Iya ta rasu a 2007.

Sai a 2009 wata malamarmu ta tura ni wajen likitar fata a wani babban asibiti. Likitar na ganina ta ce, "Me kike shafawa?" Na fito da robar. Ta ce irin waɗannan tub ɗin yawanci akwai sinadarin siteroid mai ƙarfi a ciki, maganin kumburi da ƙaiƙayi ne da ake bayarwa na ɗan lokaci, shi ya sa yake kwantar da ƙurji da sauri. In aka daɗe a kansa sai ya sirantar da fata, ya haifar da nasa kurajen, in an bari kuma fata ta yi bore. Ta yi mini bayanin asalin kurajen balaga: maiƙon da fata ke fitarwa ne yake ƙaruwa in an balaga, ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar gashi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, wurin ya kumbura. Ba ƙazanta ba ce, ba a dirje ta ta fita. Lemun tsami ƙona fata yake, in aka shiga rana da shi ya bar baƙi. Matsa kuma ita ke tura abin ciki ta bar rami. Na tambaye ta gyaɗa, ta yi murmushi ta ce in ci abata, in dai zan rage wani abu to in rage lemun kwalba da kayan zaƙi. Shekara shida ban ci ƙuliƙuli ba a banza.

Ta rubuta mini ƙwayar doxycycline ta wata uku, da benzoyl peroxide na shafawa, da man kare rana, ta ce kada in sa ran ganin canji kafin sati shida zuwa takwas. Ta gargaɗe ni ƙwayar ba ta mai ciki ba ce, benzoyl peroxide ɗin kuma yana cinye launin kaya, ya kuwa cinye mini rigunan filo. Sannan ta ce in wanke fuska sau biyu kawai a rana, ban da soso, in kula da man kitso a goshi, in cire hannuna daga fuskata. A nan ne na fashe da kuka, likita ta zaci tabon nake wa kuka. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta faɗi wannan tun ina aji uku, aka ce zamaninta ya wuce.

Kurajen sun tafi a cikin shekarar. Baƙin kumatu ya fi shekara biyu yana washewa, ramukan haɓa kuwa suna nan, da su zan koma ga Allah. Lokacin aurena, matar Maiduguri da aka ɗauko ta yi mini dilka da halawa ta murje jikina tas, amma da ta zo fuska ta ce fatar nan ta sha wahala, ba za ta dirje ta ba, kurkum da madara kawai ta shafa mini sama-sama. Ita da sana'arta ke nan ta san inda ake tsayawa. Yanzu kuwa kowace yarinya da waya a hannu ta zama mai haɗin oganik, ana zuba abu a roba babu suna babu lambar NAFDAC, a ce na gargajiya ne ba ya illa.

A wajen kamuna, ina lulluɓe ina ji, Goggo ta ce da dangin maigidana, "Ai ni na gyara ta, da kun gan ta da, ba ku ɗauka ba." Har yau haka take faɗa, kuma ina jin ta yarda da hakan a ranta. Ban taɓa jin ta ambaci Iya a maganar ba.

Babbar 'yata ta shiga sha uku, sun fara fito mata a goshi. Da ƙaramar sallar da ta wuce muka je gaida Goggo, ta tsufa, ido ya yi rauni, amma da yarinyar ta durƙusa sai ta kamo haɓarta ta juya ta wajen taga. Ta ce, "Wannan ta gado ki. A kawo mini ita hutu." Na janye 'yata na zaunar da ita bayana, na ce, "Goggo, islamiyyarsu ba ta ba da hutu." Ta ce to ko sati ɗaya. Na ce Allah ya kai mu, na tura yarinyar ta je mota ta jira ni.

Sai mako mai zuwa in sha Allahu.