Abin da ke jiran yaron Bayahude bayan shekara 13

Na daɗe ina bibiyar yadda Yahudawa suke tsara tarbiyyar 'ya'yansu, musamman a Amurka inda suke 'yan tsiraru, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne shekarun da suka fi zuba wa kuɗi da tunani. Karatun ƙananan yara tsohon abu ne a wurinsu, domin Talmud, babban kundin shari'a da koyarwar malamansu, ya ambaci babban limaminsu Yehoshua ben Gamla, wanda tun a ƙarni na farko ya sa aka naɗa malamai a kowane gari, a riƙa kai yara suna da shekara shida ko bakwai. Damuwarsu ta yau tana farawa ne daga shekara 13, lokacin da yaro yake bikin bar mitzvah, ya tsaya a majami'a ya karanta wani sashe na Attaura da Ibrananci, nauyin dokokin addini ya hau kansa. Yarinya takan yi nata tana da shekara 12 ko 13, gwargwadon ɗarikar iyayenta. A gidaje da dama, da zarar an watse daga bikin, makarantar yamma ta Ibrananci ba ta ƙara jin ɗuriyar yaron ba.

Wannan giɓi ne ƙungiyoyin matasa suka taso su cike. An kafa AZA a Omaha ta jihar Nebraska a 1924, sannan kowace ɗarika ta kafa tata: NFTY ta masu sauyi a 1939, USY ta masu matsakaicin ra'ayi a 1951, NCSY ta masu riƙo da gargajiya a 1954. Amma a ganina sansanin hutun bazara ya fi su duka tasiri. A sansanonin Ramah, waɗanda na farkonsu ya buɗe a Wiskonsin a 1947, yaro yakan yi makonni nesa da gida, ana kiran ɗakin cin abinci da sunansa na Ibrananci, ana yin sanarwa da Ibrananci, ana addu'ar safe tare kafin a fita wasa. Mai kula da shi bai girme shi da yawa ba, sau da yawa ɗalibin jami'a ne wanda shi ma ya taɓa kwana a irin gadon. Abin da malami ya yi shekaru yana nanatawa a aji, a can yana shiga ba tare da an ce a haddace ba.

Da matashi ya shiga jami'a, sai Hillel, ƙungiyar ɗalibai Yahudawa, ta karɓe shi. Rabai Benjamin Frankel ne ya kafa ta a Jami'ar Ilinoi a 1923, kuma yanzu tana da rassa a ɗaruruwan jami'o'i. Ƙungiyar Chabad ta bi wata hanya: takan tura malami da matarsa su kama gida kusa da jami'a su zauna da 'ya'yansu, ƙofarsu a buɗe. Abin da ya haɗa su biyun shi ne teburin daren Asabar. Kafin faɗuwar ranar Juma'a a kunna kyandir, a yi addu'a a kan kofin giya ko ruwan inabi, a wanke hannu, a ɗage kyallen da ya rufe burodi biyu masu kitso, a gutsura a raba. Ɗalibin da ya zo don abinci kyauta kawai (kuma ba kaɗan ba ne, masu shirin ma sun sani) yakan tashi ya san sunan mutum biyar da bai sani ba da safe. Ba a tambayarsa yawan abin da ya gaskata kafin a ba shi kujera.

Shirin da ya fi tashe, kuma ya fi jawo ce-ce-ku-ce, shi ne Birthright. Wani bincike na 1990 ya ba da rahoton cewa kashi 52 cikin ɗari na Yahudawan Amurka da suka yi aure a 'yan shekarun baya sun auri wanda ba Bayahude ba. An yi ta muhawara kan adadin daga baya, amma ya riga ya tayar da hankalin shugabanni. A 1999 attajirai biyu, Charles Bronfman da Michael Steinhardt, tare da gwamnatin Isra'ila, suka fara kai matasa masu shekara 18 zuwa 26 ziyarar kwana goma kyauta a Isra'ila, inda takwarorinsu 'yan ƙasar, galibi sojoji, suke shiga motar su yi 'yan kwanaki tare da su. Dubban ɗaruruwa sun je. A 2018 wasu mahalarta sun fice daga tawagarsu a tsakiyar tafiya, suna cewa an ɓoye musu halin da Falasɗinawa suke ciki. Ni dai ina ganin kwana goma ya isa ya motsa zuciya, amma bai isa ya koyar da tarihi mai sarƙaƙiya irin wannan ba, kuma matashin da aka tarbiyyantar a kan yin tambaya ba zai daina ba don an biya masa kuɗin jirgi.

Wannan ɗabi'ar tambaya tana da tushe a tsarin da suke kira chavruta, wanda makarantun yeshiba (makarantun zurfafa ilimin addini) suka shahara da shi, irin wadda Rabai Chaim ya kafa a Volozhin a farkon ƙarni na 19. Ɗalibai biyu ne suke zama fuska da fuska da shafi ɗaya na Talmud. Ɗaya ya karanta da ƙarfi ya fassara, ɗayan ya ce bai yarda ba, ya kawo hujja daga sharhin da ke gefen shafin, su yi ta ja har sa'a biyu a kan layi uku. Zauren karatun yakan cika da hayaniya, kuma ba wanda yake cewa a yi shiru. Da farko galibi maza ne suke samun karatun addini mai tsari, har sai da wata mai ɗinki, Sarah Schenirer, ta buɗe makarantar 'yan mata a Krakow ta Polan a 1917, wadda ta zama tushen makarantun Bais Yaakov.

Inda har yanzu ake lalube shi ne bayan kammala jami'a, lokacin da matashi ya wuce sansani da Hillel, bai kuma yi iyalin da zai sa ya nemi majami'a ba. Moishe House, wadda ta fara a 2006, takan taimaka wa matasa uku zuwa biyar da kuɗin haya, su kuma su riƙa shirya wa tsararsu taro a gidan sau da yawa a wata. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna cewa kashi 61 cikin ɗari na Yahudawan Amurka da suka yi aure daga 2010 sun auri wanda ba Bayahude ba, kuma yawancin waɗannan gidaje da rassan Hillel yanzu suna karɓar 'ya'yan irin wannan aure ba tare da sharaɗi ba.